Dakalin Baba Yohanna

Ku samarin nan da kuke tare ni a bakin masallaci a Longsight kuna cewa, "Baba Idi, ai gini ɗora wannan kan wancan ne kawai," ina jin ku, kuma ba na jin haushi. Ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Masta Awudu a zangon Kumasi. Shekara biyu na yi ina kwaɓa siminti ina ɗaukar kwano kafin ya yarda in taɓa cokalin gini. Ranar da na taɓa kuwa, layi uku na ɗora ina ta washe baki, ya zo ya duba da ido ɗaya, ya sa ƙafa ya ture. Ya koma inuwa ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Aikina na farko a ƙasar nan wata katanga ce a Moss Side, nan cikin Manchester, cikin watan Janairu na shekarar 2002. Na zo da shekara goma sha takwas na gini a hannuna, ina ji da kaina, sai aka nuna mini tubalin Turawa, ɗan ƙarami ja, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. A gida in ka ɗora bulo guda ka ci wuri, a nan sai ka jera shida kafin ka kai nan. Kuma ba a rufe shi da filasta. A fili yake zama, duk kuskurenka yana nan kowane mai wucewa yana gani har ka mutu. Shugaban aikin ya ce kada in ɗora komai ran nan domin sanyi ya yi yawa, na ce a raina wannan lalaci ne irin na masu shan shayi sau biyar a wuni. Na ɗora layi takwas. Da safe na zo na tarar kwaɓin ya daskare ya farfashe, ina taɓa shi yana zuba kamar garin rogo. Ni da kaina na rushe, ba sai da aka sa ni ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina mu. Cokali babba na ɗiban kwaɓi, ƙarami na gyaran tsakanin tubali, igiya da ƙusoshinta biyu, awon ruwa na duba daidaiton layi, guduma da kurfi. Amma cokalin da ka yi shekara biyar kana riƙewa ya riga ya cinye ta gefen da hannunka ke karkata, in ka ari na wani sai ka ji kamar ka sa takalmin maƙwabci. Akwai kuma wani guntun ƙarfe lanƙwasasshe da nake bi da shi tsakanin tubali in kwaɓi ya fara kamawa. Mariƙin tsohon bokiti ne, ba a sayar da shi a shago. Terry ne ya yanka mini.

Terry wani tsohon magini ne Bature da na haɗu da shi bayan na koma Birmingham a 2004, a wani aiki kusa da babban asibitin Edgbaston. Ya haura sittin, bakinsa ya kasa Idi sai ya mai da ni Eddie. Wata rana ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallon yadda nake ja da igiya, sai ya ce gwiwoyinsa sun gaji da tsani, ko zan bi shi wani ƙauye mu gyara bututun hayaƙi. Na zaci za mu yi tafiyar awa biyu. Minti ashirin muka yi a motarsa, ba mu ma fita gari ba, sai kawai na ga titi ya canza. Bishiyoyi a jere, gidaje jajaye masu lambu gaba da baya, fili mai ciyawa a tsakiya, ba shagon giya, ba allon talla, ba ko kwalba a ƙasa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ina da sauran abokan ciniki a can.

Ga tarihin kamar yadda na fahimta, in har na fahimta. Sama da shekara ɗari da suka wuce an yi wani attajiri mai masana'antar tukwanen ƙarfe. Ya ga ma'aikatansa a cunkushe cikin hayaƙin gari, yara suna tari, sai ya sayi gonaki a bayan gari ya gina musu ƙauye. Mutum ne mai addini, ba ya shan giya, kuma da alama ba ya son a yi masa gardama. Sai ya sa aka rubuta sharuɗɗa a cikin takardar kowane gida. Ba a sayar da giya. Ba a kafa sana'a a ƙofar gida. Taga ta katako ce, ƙofa kalarta ɗaya daga cikin 'yan kaloli da ya zaɓa. Shinge kada ya wuce ƙirjin mutum. Ba a gina komai a gaban layin gida. Duk wanda ya sayi gida ya ɗauki alkawarin, wanda ya saya a hannunsa ma ya ɗauka, haka har illa ma sha Allahu. Su suna ce masa covenant. Attajirin ya mutu, 'ya'yansa sun mutu, masana'antar ta rufe an mai da ita gidajen haya, gari ya zo ya haɗiye ƙauyen ta kowane gefe, amma alkawarin yana nan da ransa. Akwai ofis da aka ajiye musamman don tsaronsa, da kwamiti, da sufeto mai zagayawa da kyamara.

Muna kan rufi ran nan na tambayi Terry, "Wannan gidan na wane ne?"

Ya ce, "Na matar da ta ba mu shayi."

"Ta biya kuɗinsa duka?"

"Tun kafin ka zo ƙasar nan."

"To in ta ga dama ta shafa wa ƙofarta ruwan ɗorawa fa?"

"Ba za ta iya ba."

"Ashe ba nata ba ne."

"Nata ne, Eddie."

Muka yi ta zagaye a nan har shayin ya huce. A zango in ka sayi fili, ka kai wa sarkin zango gaisuwa, ka ga maƙwabta, shi ke nan, ko rijiya ka haƙa a tsakar ɗakinka ruwanka. Ban taɓa jin inda mamaci yake zaɓa wa rayayye fenti ba. Abu ɗaya ne ya shiga kaina. Na tambaye shi dalilin gajeren shinge, ya ce attajirin ya so maƙwabta su riƙa ganin juna suna gaisawa, kada kowa ya kulle kansa. Na ce to wannan mamacin ɗan zango ne bai sani ba. Daga ran nan na ɗauka na gane zuciyarsa, kuma wannan ɗaukar ce ta kai ni ta baro.

A wurin Terry na sake zama ɗan koyo ina da furfura. Gidajen can ba su san siminti ba, da farar ƙasa da yashi aka gina su, in ka cusa musu siminti sai tubalin ya riƙe ruwa ya fashe a cikin sanyi. Kwaɓin farar ƙasa kuwa ba ya son gaggawa, yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, kana lulluɓe shi da buhu kamar mai jego. Sannan ga neman tubalin da ya dace. Ja ba ɗaya ba ne, akwai mai duhu, akwai mai ɗigo-ɗigo, akwai wanda hayaƙi ya dafa shekara ɗari. Sai mu wuni a wurin masu sayar da kayan rusau muna juya tubali ɗaya-ɗaya, Terry yana tofa masa yawu yana gogewa don ya ga ainihin kalarsa. Ofishin yana da jerin sunayen maginan da ya yarda da su, su suke ce masa list, kuma mutanen ƙauyen ba sa kiran wanda ba ya ciki. Kafin Terry ya ajiye aiki a 2006 ya koma wurin 'yarsa a bakin teku, ya shiga ofishin da ni ya ce a sa sunana a gurbin nasa. Sun sa na gyara wani ɗan bango sufeto ya zo ya nemi inda na gyara bai samu ba, sannan aka rubuta ni.

Ban san darajar wannan rubutun ba sai ƙarshen 2008. Ku lokacin kuna firamare, ba ku san yadda gari ya yi tsit ba. Gine-gine suka tsaya cak, gida ya kai rabi a rufe shi da leda a tafi. Abokaina da muka fara tare a Manchester, wani ya koma tuƙin tasi, wani ya shiga ɗaukar kwali a sito, biyu suka tattara suka koma Ghana. Ni kuwa wayata ba ta daina ƙara ba, domin ofishin nan bai san tattalin arziki ya karye ba. In bututun hayaƙinka ya tsage sai ya rubuto maka wasiƙa ka gyara, kai kuma sai ka duba list. Dokar da nake zagi a kan rufi ita ta riƙa sa tukunya a wuta a gidana, ni da matata da yara uku. Ba ni da wani aiki a ko'ina sai can.

A watan Afrilu na 2009 aka kira ni gyaran matakalar ƙofa a wani gida na kusa da kwana. Ina durƙushe ina cire tsohon kwaɓi, matata ta bugo waya muka yi magana da Hausa, ina ajiyewa sai na ji an ce daga bayana, "A'a! Sannu da aiki, Malam." Na waiga na ga mace da kayan asibiti. Sista Rifkatu ke nan, ma'aikaciyar jinya a asibitin Edgbaston, mutuniyar wani gari kusa da Pankshin. Shekara guda ke nan da sayen gidan. Ta ce in shigo in gaida babanta, ya kwana biyu bai ji Hausa a bakin namiji ba.

Baba Yohanna yana zaune a bayan labule da bargo a cinya. Dogon tsoho ne, tela ne a da kuma dattijon coci, matarsa ta rasu, ƙodarsa ta lalace, sau uku a mako ake kai shi asibiti a wanke masa jini. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, ta mutanen da suka yi kewar gaisuwa, har da tambayar ruwan sama a Kumasi. Da Rifkatu ta shiga kicin sai ya jawo ni kusa.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka daɗe a nan, a gidajen nan ina ake zama?"

Na ce, "Ga falo, Baba, ga kuma lambu a baya."

"A baya wa zan gani? Tsuntsu? Ni fa na gaya mata ta saya mini tikiti. Gara in mutu a ƙofar gidana ana wucewa ana ce mini sannu."

Da zan tafi Rifkatu ta raka ni waje ta rage murya. Ta ce kullum maganar ke nan, tikiti, tikiti, kuma a garinsu babu injin wankin jini, sai an yi tafiya mai nisa, in ma an samu layi. Ta ce, "In ya koma, Malam Idi, I know what will happen. Aikina ne, na sani."

Na dubi bangon da ke tsakanin ƙofa da taga, inda rana ke bugawa da hantsi. Ina da ragowar tsofaffin tubali a mota da wani falalen dutse da na cire a wani gida. Na ce mata, "Ai dakali ne babu." Ta ce, "Ba sai an tambayi estate office ba?" Ni da bakina na ce, "Haba Sista, dakali ne fa. Wa ke neman izinin dakali?" Na ma ƙara mata da labarin gajeren shinge, na ce mai ƙauyen da kansa abin da yake so ke nan. Shekara biyar ina aiki a wurin, na san an hana gini a gaban gida, amma wallahi a kaina gini shi ne ɗaki ko gareji ko katanga. Dakali bai taɓa shiga lissafin gini a wurina ba, kamar yadda ba ka ce wa tabarma kayan ɗaki.

Rabin wuni ya ɗauke ni. Layi biyar na tubali, tsawon zaman mutum uku, na ɗan karkata dutsen saman don ruwa ya gangara gaba, na goge bakinsa don kada ya ci riga. Tubalin ya dace da bangon har ka ce tare aka haife su. Cikin duk abin da na gina a ƙasar nan ban yi wanda ya fi shi kyau ba.

Bayan mako guda na biyo ta layin na sami Baba Yohanna a kai, da hula da bargo da 'yar rediyo. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, amma duk wanda ya gifta sai ya ɗaga hannu ya ce, "Good morning! How is the family? How is the tiredness?" Da farko suna ƙara sauri. Sai wata tsohuwa mai kare ta fara tsayawa. Sai mai raba wasiƙu. Kafin wata ya cika, wani tsoho na tsallaken titi da ya yi aiki a masana'antar tukwane tun yana saurayi ya riƙa tsallakowa da kofin shayinsa, su zauna su biyu, wannan yana Hausa wancan yana Turancin Birmingham, kowa yana gyaɗa kai. Rifkatu ta bugo mini ta ce Baba ya daina zancen tikiti, har ya sa ta nemo masa keken ɗinki.

Wasiƙa biyu suka fito rana ɗaya a watan Yuni, ɗaya gidanta ɗaya gidana, da hoton dakalin a manne. An gina abu a gaban layin gida ba izini. A cire cikin kwana ashirin da takwas, in ba haka ba ita maganarta ta tafi wurin lauyoyi, ni kuma a cire sunana daga list. Na karanta a tsaye na sake karantawa a zaune.

Da muka yi wa Baba Yohanna bayani bai tashi hankalinsa ba ko kaɗan. Ya ce, "Laifinmu ne. Mun zo garin mutane mun zauna ba mu je mun gaida mai unguwa ba, dole ya ji haushi. A nemo goro." Rifkatu ta ce, "Baba, ba haka ake yi a nan ba." Ya ce ko'ina haka ake yi. Ni na je shagon 'yan Afirka na zaɓo goro fari manya, domin a gaskiya ni ma wani ɓangare na zuciyata ya yarda da shi.

Muka tafi mu uku, shi da babbar riga da sanda. Wadda ta karɓe mu Misis Pat ce, mai kula da takardun ofishin, mace mai fara'a da ta san ni tun zamanin Terry. Ta kawo kujeru ta kawo shayi. A bango akwai babban hoton wani Bature mai gemu har ƙirji. Baba Yohanna ya nuna shi da sanda, Rifkatu tana fassara.

"Wannan ne mai garin?"

Misis Pat ta ce shi ne ya kafa shi.

"A gaya masa Yohanna tela ya zo gaisuwa, ya zo ban haƙuri."

Ta ce ai ya rasu tun kafin a haifi mahaifiyarta.

"Allah ya ji ƙansa. Ɗansa fa?"

Shi ma ya rasu.

"To wa ya gaje shi?"

Ta ce ba wanda ya gaje shi ta wannan fuskar, akwai kwamiti, amma kwamiti ba ya iya canza alkawarin, tsaronsa kawai yake yi.

"To wa aka ɓata wa rai? A kira shi in roƙe shi."

Nan Misis Pat ta ɗan yi ja. Ta ce ba wanda ya kawo ƙara, sufeto ne ya gani a zagayensa. Hasali ma maƙwabta bakwai sun rubuto suna roƙo a bar dakalin. Ita kanta ta bi ta layin ta gani, ya yi kyau ƙwarai. Amma in aka bar wannan, gobe wani zai gina gareji ya nuna dakalin ya ce ga misali. Na kasa haƙuri na sa baki, na kawo maganar shinge da gaisuwar maƙwabta. Ta dube ni ta ce, "You're right, Eddie. Da yana da rai ina jin da ya zauna a kai." Na ce to? Ta ce to takarda ba ta ce haka ba. Sai ta kawo mafita: bencin katako ba laifi, domin ana iya ɗauke shi, ba gini ba ne.

Baba Yohanna ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce da Rifkatu, "Tambaye ta, wanda ya hana ya mutu, waɗanda ke raye duk sun yarda, ita ma ta yarda. To da wa muke faɗa?" Rifkatu ba ta fassara ba. Ya miƙa goron, Misis Pat ta ce ta gode amma an hana su karɓar kyauta. Sai ya tashi da sandarsa ya je ya ajiye ƙullin a kan ɗan teburin da ke ƙarƙashin hoton, ya ɗan rusuna, muka fito. Na waiga na ga matar tana tsaye tana kallon goron ta rasa yadda za ta yi da shi.

Rifkatu ta sayo bencin katako mai kyau washegari. Baba Yohanna ya dube shi ya ce, "Wannan kujerar baƙo ce. In ya tafi a shigar da ita." Bai taɓa zama a kai ba.

Ita ta so a yi faɗa. Ta samo lauya, ta ce in tsaya mata in ba da shaida a matsayina na magini cewa wannan ba gini ba ne, wurin zama ne. Ta ce ko ba a ci nasara ba shari'a za ta ja watanni, kuma kowane wata da Baba ya ƙara a nan riba ce. A wannan makon Misis Pat ta kira ni gefe ta ce in na cire da hannuna kafin wa'adi, kwamiti zai ɗauke shi kuskure a wuce wurin, in kuwa na shiga shari'a ba ta da abin da za ta iya yi mini. Na yi kwana goma ina jujjuya abin. Na duba ko'ina ko akwai wani aiki, har Manchester na buga waya, babu. Ana saura kwana uku na kira Rifkatu tana wurin aiki na gaya mata zan cire dakalin. Ta ce, "Yi abin da ka ga ya fi maka, Malam Idi." Na ji kunya a lokacin, kuma ina jin ta har yanzu.

Na sami Baba Yohanna a kan dakalin da hantsi. Ya ga guduma da kurfi a hannuna, ya naɗe bargonsa ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga dutsen na jingine, na bi tubalin ɗaya bayan ɗaya ina kankare su ina jerawa a baro, ko ɗaya bai fashe ba. Tsohon tsallaken titi ya fito da kofinsa, ya tsaya a bakin shingensa, ya koma ciki. Na wanke bangon da burushi har ba wanda zai ce an taɓa jingina wani abu a wurin. Baba Yohanna ya ce, "Ka iya aiki, ɗana. Rushewar ma da tsabta." A watan Agusta ya hau jirgi ya koma garinsu.

Yanzu ga inda kaina ya ƙarasa ɗaurewa, kuma in ɗayanku mai digiri ya gane ya zo ya yi mini bayani. A watan Oktoba ofishin ya kira ni. Wasiƙar maƙwabtan nan bakwai ta isa gaban kwamiti, kwamiti ya lura cewa tsofaffin ƙauyen suna bukatar wurin zama su yi hira. Saboda haka an amince a gina mazauni na tubali a filin ciyawa na tsakiya, ƙarƙashin wata bishiya, tunda can filin ofis ne ba gaban gidan kowa ba. Suka miƙo mini zane. Da na duba sai na ga layi biyar, tsawon zaman mutum uku, dutse a sama. A bayan zanen an manna hoton da sufeto ya ɗauka, an rubuta a yi irin wannan.

Na gina. Ina kan gyaran tsakani da la'asar, kwaɓi ɗanye shar, sai ga mota ta tsaya a bakin filin. Rifkatu ta fito da kayan aiki a jikinta, ta tako cikin ciyawa ta tsaya tana kallo. Rabona da ita tun wayar nan.

Ta ce, "Wannan an yarda da shi?"

Na ce, "An yarda, Sista."

"Baba ya ce in na gan ka in gaishe ka. Ya sa an gyara masa dakalin ƙofar gidansa. Na aika masa tikitin dawowa sau biyu. Ya ce in daina ɓata kuɗi. Ƙafafunsa sun fara kumbura."

Sai ta juya ta zauna a kan dutsen, ta ɗora jakarta a cinya. Ya kamata in ce mata bai bushe ba. Ban ce ba, na tsaya riƙe da cokali har ta gama zamanta ta tashi ta tafi. Nauyinta ya danne kusurwa ɗaya, tubali biyu suka ɗan zame waje, kaurin ɗan yatsa.

Bayan kwana biyu sufeto ya zo da awon ruwansa ya ɗora, ya nuna mini wurin ya ce a gyara kafin ya sa hannu. Na ɗauko kurfi na gyara.